Filin asali, na ƙanƙara, Wastes ko mai launi biyu: wanne zaka zuba a dek ɗinka na Magic?

Wani ƙanina da muke buga Magic: The Gathering tare ya turo min hoton kwandon sayayyarsa da daddare, wai Yaya dan Allah duba min kafin in biya, akwai ɗan uwanmu da zai taho daga Ingila ƙarshen wata shi zai riƙo masa katunan. Dek ne mai launi biyu, fari da shuɗi, kati 60, yana neman filaye 24. Ina buɗewa na ga Island masu cikakken hoto guda takwas, Snow-Covered Plains shida, Wastes biyu saboda hotonsu ya burge shi, sai Mystic Sanctuary har guda takwas. Nace masa takwas kuma? Yace ai Island aka rubuta a jikinsa Yaya, kuma Island ko nawa mutum yaga dama yana sawa. Toh anan matsalar take, kuma ba shi kaɗai bane, duk wanda ya fara wasan nan sai ya yi tuntuɓe a daidai wannan wurin, shi yasa na zauna in rubuta abin a tsanake dan wanda ke riƙe da ɗan kuɗinsa yana rasa wane fili zai saya.

Ga wanda bai saba ba, tunda wasan ba irin Whot bane da kowa ke ɗiba daga tuli ɗaya: a Magic kowa da dek ɗinsa da ya haɗa da hannunsa, kuma galibin katuna ba ka iya buga su sai ka biya da abinda ake kira mana. Katunan da ke samar da manan su ne Land, mu dai fili muke ce musu. Fili ɗaya kake ajiyewa a kowane zagaye, ka kwantar da shi a gicciye ya baka mana, zagaye na gaba ya miƙe. Tun 1993 da Richard Garfield ya ƙirƙiro wasan kamfanin Wizards of the Coast ya fitar, filayen asali biyar ne: Plains na fari, Island na shuɗi, Swamp na baƙi, Mountain na ja, Forest na kore.

Layin tsakiya shi ne alƙali

Ka ɗauki kowane kati ka duba siririn layin dake ƙarƙashin hoto. A Forest na yau da kullum zaka ga an rubuta Basic Land, sai ɗan layi, sai Forest. Kalma uku ce kuma kowacce aikinta daban. Land shi ne jinsin katin. Forest shi ne danginsa, kuma daga dangin ne yake samun ikon bada mana kore, doka ta 305.6 ce ta faɗi haka, shi yasa zaka ga katin babu rubutu a cikinsa sai babbar alamar bishiya amma yana aiki. Ita kuwa Basic rawani ce. Tun Eighth Edition a 2003 aka fara buga ta a jikin katin a matsayin laƙabi mai zaman kansa, kuma doka ta 305.8 ta yanke magana: duk filin da ba shi da wannan laƙabin ba na asali bane ko da yana ɗauke da sunan dangi. Kamar dai gidan sarauta, ƴaƴan sarki suna da yawa kuma duk jini ɗaya ne, amma wanda aka naɗawa rawani shi ake faɗuwa a gaisar.

Mystic Sanctuary ɗin ƙanina, na saitin Throne of Eldraine na 2019, layinsa Land ne da Island kawai, babu Basic. Jini akwai, rawani babu. Dan haka dokar da ta hana sa fiye da kwafi huɗu na kati ɗaya a dek ta hau kansa kamar kowane kati mara rawani. Wasan kuma tsari tsari ne, kowanne da katunan da ya yarda da su: a Commander, tsarin da kati ɗaya ke jagorantar dek, guda ɗaya tal ne, kuma an ma haramta shi gaba ɗaya a tsarin Modern da na Pauper. Wanda ya taso da katin Pokémon zai gane da wuri, can ma Energy na asali ba iyaka amma Special Energy huɗu ne.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane shi ne harafin dake can ƙasan katin ta hagu, C ko U ko R ko M, filayen asali kuma L. Wannan maganar yawan bugawa ce kawai, ta yadda ake samun katin a fakiti, ba ruwanta da dokar wasa. Kati zai iya zama C mai arha kamar ƙasa amma ba Basic ba.

Abubuwan da nake aunawa

Na farko me doka ta kira katin, yana da rawani, yana da dangi, ko duka biyun, ko babu ko ɗaya. Na biyu kuɗi, kuma mu da muke jiran wani ya riƙo mana ko mu biya kuɗin aike da dala dole mu lissafa har da wannan. Na uku daɗewa, kuma kashi biyu ce: shekara nawa za'a barka kayi wasa da shi, sannan shi kansa kwalin zai jure yanayinmu. Na huɗu sauƙi, wato yana shigowa a tsaye ka mora nan take ko a kwance sai ka jira, kuma katunan nema zasu iya zaƙulo shi daga dek. Na ƙarshe haɗari, katunan da abokin karawa zai hukunta ka da su, da kuma jabu.

Filin asali na gama-gari

Wannan shi ne tuwon gida. Rawani da dangi duk yana da su. Farashinsa ƴan santi ne, shagunan wasa a Turai da Amurka suna ajiye akwati guda a kan tebur ranar diraf, wato wasan da ake zaɓar kati daga sababbin fakiti a haɗa dek nan take, kowa ya ɗiba ya cika dek ɗinsa na kati 40, kuma duk dek ɗin da aka sayar a haɗe yana zuwa da nasa. A MTG Arena, wato wasan na kwamfuta da waya, ma kyauta ne ba iyaka. Wajen daɗewa babu na biyunsa, Standard, tsarin sababbin saiti, yana juyawa duk saiti ya yi kamar shekara uku ya fita tun canjin da akayi a 2023, amma waɗannan biyar ɗin basu taɓa fita ba, Swamp ɗin da aka buga a 1994 zaka iya sa shi a dek ɗin Standard na yau matuƙar yana cikin riga, wato ledar saka kati, mai rufe baya kuma bai lalace ba.

Kullum a tsaye yake shigowa, baya cin ranka ko ɗaya (rai shi ne makin da in ya ƙare an cinye ka), kuma katuna da yawa shi kaɗai suke nema: Rampant Growth, Cultivate, Evolving Wilds duk Basic suka ce. Ko abokin karawa ya kore maka halitta da Path to Exile, diyyar da katin ke baka filin asali ce daga dek ɗinka, in baka da shi ka tashi a tutar babu.

Aibinsa ɗaya ne amma babba ne, launi ɗaya kawai yake bayarwa. A dek mai launi ɗaya wannan ba komai bane. A mai launi biyu in ka raba 12 da 12 akwai ranar da zaka zauna hannunka cike da fararen katuna gabanka kuma Island huɗu ne a jere, kana kallo ana dukanka baka iya ɗaga ko yatsa. A mai launi uku kuwa kusan duk wasa uku sai ka gamu da hakan. Filaye masu launi biyu da zamu yi maganarsu a gaba an ƙirƙiro su ne dan magance wannan ciwon, kuma kowanne da abinda yake karɓa a hannunka kafin ya baka magani.

Mai cikakken hoto da mai ƙyalli

A doka babu wani bambanci ko na ƙwayar zarra, Island ne dai Island. Ado ne kawai, kuma gaskiya adon yana da kyau, ni kaina ina son su. Unglued a 1998 ya fara, Unhinged a 2004 da zanen John Avon har yau mutane na nema, sai Zendikar a 2009 da Battle for Zendikar a 2015 suka sa su a fakiti na yau da kullum suka yawaita, na Kamigawa: Neon Dynasty na 2022 kuma an zana su da salon zanen gargajiyar Japan. Na sababbin saiti galibi basu kai dala ɗaya ba, na Unhinged daloli ne kowanne, na Guru da aka raba a 1999 kuwa, duk da ba masu cikakken hoto bane, ɗaruruwa ne. Ka ninka ko da rabin dala sau 24 ka maida naira, zaka ga kuɗin katin da zai ci maka wasa ne ka zuba a hoto.

Inda nake so a tsaya a saurara shi ne mai ƙyalli. Fuskar katin tana da shimfiɗa mai kama da leda wadda bata shan danshi, bayan kuma kwali ne mai sha, dan haka in yanayi ya canza ɓangare ɗaya ya motsa ɗayan ya tsaya sai katin ya lanƙwashe. Na taɓa samun Mountain masu ƙyalli guda goma, sun iso da damina a miƙe tas, hunturu na shigowa iska ta bushe na buɗe akwati na tarar duk sun yi kwarmi kamar ɓawon gyaɗa, in ka ajiye dek a tebur daga nesa kana iya nuna inda kowane Mountain yake. A gasa alƙali zai iya ɗaukar wannan a matsayin kati mai alama yace ka canza, ko a gida ma ba daɗi tunda kana yanka dek hannunka na faɗawa kansu. Riga biyu da akwati mai rufewa ruf suna ragewa amma basa hanawa gaba ɗaya. Wanda ke zaune inda ake hunturu mai tsanani, in dai wasa zai yi da katin ba ajiya ba, mara ƙyalli ya fi masa kwanciyar hankali.

Filin ƙanƙara

Snow-Covered Island da ƴan uwansa sun fara fitowa a Ice Age a 1995, suka dawo a Coldsnap 2006, Modern Horizons 2019, da Kaldheim 2021. Layinsu Basic Snow Land ne da dangi, wato rawani biyu ne a kansu. Tunda Basic na nan ko nawa kaga dama zaka sa, Rampant Growth zai nemo su, Blood Moon mai hukunta filaye marasa rawani bai taɓa su.

Amma fa sunansu daban ne da na gama-gari, kuma wannan ƙaramin bambancin yana da nauyi. Basa cikin biyar ɗin da kullum suke halas, sai saitin da aka buga su yana cikin tsarin da kake wasa. A Modern, Pioneer, Legacy, Pauper da Commander ba matsala. A Standard sun fita tare da Kaldheim. A diraf kuma ba zaka je akwatin shago ka ɗebo su ba, sai wanda ka zaɓa daga fakiti da hannunka.

Amfaninsu yana fitowa ne in dek ɗinka na da katin dake ƙirga ƙanƙara. Skred da mana ɗaya ja yana dukan halitta daidai yawan abubuwan ƙanƙara da kake da su, da Mountain na gama-gari sifili zai yi. Akwai lokacin da Arcum's Astrolabe ya sa kusan kowa ya koma filin ƙanƙara saboda da mana ɗaya na ƙanƙara yana gyara maka launi ya kuma baka kati, har sai da aka haramta shi a Pauper a 2019, Modern a 2020, Legacy a 2021. A Commander kuma masu Field of the Dead suna haɗa na ƙanƙara da na gama-gari dan katin na ƙirga filaye bakwai masu suna daban daban, Forest da Snow-Covered Forest biyu ne a wurinsa.

Farashi ya ɗara na gama-gari sosai in ka lissafa guda 20, duk da kowanne ɗaya ba wani tsada bane. Haɗarin kaɗan ne amma akwai: Reidane, God of the Worthy tana sa filayen ƙanƙaran abokin karawa su shigo a kwance, Break the Ice kuma yana rusa su da mana biyu. Ni ra'ayina in babu ko kati ɗaya a dek ɗinka da ya ambaci ƙanƙara, ka biya ƙarin kuɗi ne ka sayo ƙaramin rauni. Dek ɗin ƙanina babu ko ɗaya, shida ɗin nan na Snow-Covered Plains muka fara cirewa.

Wastes

Wannan shi ne kishiyar Mystic Sanctuary, rawani akwai dangi babu. Ya fito a Oath of the Gatewatch a farkon 2016, layinsa Basic Land kawai, kuma mana mara launi yake bayarwa, mai alamar ɗan lu'ulu'u. An yi shi ne saboda halittun Eldrazi irin su Thought-Knot Seer da Reality Smasher da dole sai an biya wani ɓangare na kuɗinsu da mara launi. Modern Horizons 3 a 2024 ya ƙaro Snow-Covered Wastes.

Evolving Wilds zai kawo shi tunda Basic yace. Amma duk katin da ya ambaci dangi, irin Farseek ko Flooded Strand, bai san da zamansa ba, kuma katunan dake ƙirga yawan dangin filayenka basa lissafa shi. Wanda ya fi kowa morarsa shi ne mai Commander mara launi irin Kozilek ko Karn, Silver Golem, dan kafin 2016 doka bata basu damar sa ko filin asali ɗaya ba tunda duk biyar ɗin suna da launi. A dek na fari da shuɗi kuwa Wastes fili ne da ba zai biya maka fari ba ba zai biya shuɗi ba.

Masu launi biyu na talaka

Daga nan mun bar gidan rawani, duk abinda ke tafe huɗu ne iyaka. Guildgate na Return to Ravnica 2012, da irin su Tranquil Cove da Jungle Hollow na Khans of Tarkir 2014 masu ƙara maka rai ɗaya, duk suna bada launi biyu kuma farashinsu kusan na filin asali ne. Abinda suke karɓa shi ne lokaci, a kwance suke shigowa, zagayen da ka ajiye su kamar baka ajiye fili ba. A dek mai tafiya a hankali ko teburin Commander na mutum huɗu da wasa ke kai awa biyu ba'a cika jin zafin ba. A dek mai gaggawa da ke son buga halitta a zagaye na ɗaya da na biyu da na uku ba fashi, guda takwas daga cikinsu zasu karya masa ƙafa.

Ga wani abu da mutane da yawa basu lura ba: a cikin masu arhan ma akwai masu dangi. Na Dominaria United 2022 irin Idyllic Beachfront layinsa Plains Island ne, na Kaldheim irin Glacial Floodplain ma haka har da ƙanƙara a kai. A kwance suke shigowa su ma, amma Farseek zai nemo su, Nature's Lore zai nemo masu Forest a ciki. In zaka sayi mai shigowa a kwance, gara mai dangi da mara shi tunda kuɗin kusan ɗaya ne.

Masu launi biyu na manya

Goman farko irin su Tundra, Underground Sea da Volcanic Island sune sarakunan fannin, dangi biyu, a tsaye suke shigowa, basa karɓar komai. An daina buga su bayan Revised na 1994, kuma suna cikin jerin da kamfanin ya yi alkawari a 1996 ba zai sake bugawa ba, shi yasa kowanne ɗaruruwan daloli ne kuma Legacy, Vintage da Commander kaɗai ake sa su. Sai na Ravnica da suka fara a 2005, Hallowed Fountain, Steam Vents, Overgrown Tomb da sauransu, dangi biyu su ma, ka biya rai 2 su shigo a tsaye ko ka barsu a kwance. An sha sake buga su dan haka galibi kan daloli goma zuwa ashirin suke yawo. Triome na Ikoria 2020 dangi uku ne, a kwance. Sai masu nema na Onslaught 2002 da Zendikar 2009, irin Flooded Strand da Scalding Tarn, su basa bada mana da kansu, ka biya rai 1 ka sadaukar da su ka zaƙulo fili mai dangin da suka ambata. Anan ne rabe-raben nan yake zama kuɗi: Flooded Strand yace Plains ko Island, bai ce Basic ba, dan haka zai kawo maka Hallowed Fountain ko Steam Vents ko Triome, duk launin da kake buƙata a lokacin. Wannan haɗin shi yasa dek mai launi uku ko huɗu ke tafiya sumul a Modern. A Pioneer kuwa an haramta masu neman tun ranar da aka buɗe tsarin a 2019.

Ka kuma kula da sharaɗin kowane fili dan wasu dangi suke dubawa wasu rawani. Glacial Fortress yana shigowa a tsaye in kana da Plains ko Island, Hallowed Fountain ya wadatar masa. Prairie Stream kuwa filayen asali biyu yake so ya gani, ko Hallowed Fountain huɗu ne a gabanka a kwance zai shigo.

Haɗarin nan ne ya fi yawa. Blood Moon, tsohon kati tun The Dark na 1994, mana uku, layi ɗaya ne a jikinsa: duk filin da ba na asali ba ya zama Mountain. Na ga wani abokinmu da dek mai launi uku, gabansa filaye biyar duk masu tsada an jera kamar kayan lefe, ɗayan ya ajiye Blood Moon, shikenan, hannunsa kati shida na shuɗi da baƙi da kore ba wanda zai iya bugawa, ya riƙa jan kati yana ajiyewa har aka gama da shi, da Island ɗaya da Swamp ɗaya ne a gabansa da ya motsa. Akwai Wasteland na Tempest 1997 mai rusa fili mara rawani, Back to Basics na 1998 mai hana su miƙewa, Price of Progress mai dukan kowa 2 kan kowane fili mara rawani da yake da shi, Field of Ruin na 2017 da zai rusa naka yace kowa ya nemo na asali. Shi yasa ko manyan dek na gasa zaka ga sun ajiye filin asali biyu ko uku a ciki.

Sai jabu. Ba wanda zai ɓata tawada ya buga Plains na santi biyar, amma mai daloli ashirin zuwa sama ana yi sosai. Na taɓa sayen mai nema guda biyu a hannun wani a intanet da farashin da ya yi arha fiye da kima, da suka iso sai naji santsin fuskar ya yi yawa, na sa madubin ƙara girma a kan koren ɗigon dake bayan katin inda na gaske ke da ƴan jajayen ɗigo huɗu a siffar L, babu su. Mai sayarwa ya daina ɗaga waya, kuma daga nan ba ka da inda zaka kai ƙara. Sababbin bugu daga 2014 masu R da M suna da ɗan hatimi mai ƙyalli a ƙasa, yana taimakawa amma shi ma ana kwaikwayonsa.

| Fili | Basic | Dangi | Iyaka | Kuɗi | Shigowa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Na asali gama-gari | eh | ɗaya | babu | ƴan santi | a tsaye | launi ɗaya kawai |
| Cikakken hoto ko ƙyalli | eh | ɗaya | babu | santi zuwa ɗaruruwan dala | a tsaye | lanƙwashewa |
| Na ƙanƙara | eh | ɗaya | babu | kaɗan amma ya taru | a tsaye | ba kowane tsari ba |
| Wastes | eh | babu | babu | kaɗan | a tsaye | ba launi |
| Biyu na talaka | a'a | wasu biyu, wasu babu | 4 | ƴan santi | a kwance | jinkiri |
| Na Ravnica | a'a | biyu | 4 | matsakaici | rai 2 ko a kwance | Blood Moon, jabu |
| Masu nema | a'a | babu | 4 | matsakaici zuwa sama | a tsaye, rai 1 | jabu, haram a Pioneer |
| Goman farko | a'a | biyu | 4 | ɗaruruwan dala | a tsaye | jabu, Wasteland |

Toh wa zai ɗauki wanne

In sabon shiga ne kai ko dek ɗinka launi ɗaya ne, filin asali na gama-gari ka cika da shi, kuɗin ka kai wajen halittu da tsafe-tsafen da zasu ci maka wasa da riguna masu kyau. In launi biyu ne na wasan gida da abokai, kamar 16 zuwa 18 na asali da 6 zuwa 8 na talaka masu dangi ya isa, kuma ka ƙirga alamomin mana dake katunanka kafin ka raba, in fari ya fi yawa a katunan da kake bugawa da wuri Plains ya fi yawa.

Mai Commander na launi biyu ko uku, cikin filaye 36 zuwa 38 ya bar aƙalla rabi na asali in yana da Cultivate da ire-irensa, ya sa Command Tower da Evolving Wilds, sannan na Ravnica ɗaya ɗaya a hankali tunda guda ɗaya kawai ake buƙata na kowanne, anan kuɗinsu ya fi biya. Mai Commander mara launi ko Eldrazi, Wastes naka ne. Mai Skred ko wani katin ƙanƙara, ka maida duk na asalinka ƙanƙara kar ka yi rabi da rabi.

Wanda da gaske yake nufin gasa a Modern ko Pioneer, na Ravnica su ne farkon abin saya tun kafin ado, dan dek zai tsufa a canza shi su kuwa suna nan, a Arena ma su ya kamata ka fara kashewa katunan musayarka na R, wato wildcard da ake canzawa da katin da kake so. Masu nema su biyo baya in Modern ne, daga shago mai suna ba daga mai arhar banza ba. Goman farko kuwa sai mai Legacy ko mai tarawa da zai iya riƙe katin a hannu ya duba kafin ya biya.

Ƙanina dai kwandonsa ya koma Plains tara, Island takwas duk na gama-gari da nake da su a gida na bashi, Glacial Fortress huɗu, Idyllic Beachfront biyu da Mystic Sanctuary ɗaya tunda wasan gida muke yi kuma yana son katin. Ragowar kuɗin ya sayi riguna ɗari da akwati, ya kuma roƙi a bar masa Island ɗaya na Kamigawa mai cikakken hoto, na ce ya ɗauka amma mara ƙyalli.